Saƙon da Ya Tsallake Abbo

Shinkafar Dagona ba ta nuna ba aka yanke ta. Saƙo ne ya faɗo wayoyin manoma da sanyin safiya, da sunan ƙungiyar masu fadama, wai ruwa ya taso daga yamma, duk mai abu a bakin kogi ya kwashe kafin jibi. Wanda ambaliya ta taɓa kwana a ɗakinsa ba ya tsayawa tambaya. Maza da mata suka fita da lauje, suka zube shinkafa ɗanya shataf, wata ko ƙwaya ba ta gama yi ba. Jibi ta zo ta wuce, kogi ko motsi bai yi ba.

Sunana Falmata, a Nguru nake zaune. Sana'ata bin sawu, amma ba na shanu ba. In an fasa wa mutum shafinsa na intanet, ko an shiga rumbun ajiyar da yake haya a can, ni ake kira in gano ta inda ɓarawo ya shigo. Ba ni da haƙuri, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Wakilin dagacin Dagona ne ya kira ni, muryarsa sai ka ce mai zazzaɓi.

"Malama Falmata, ki taimaka ki zo yau. Samari sun ba Abbo zuwa ranar kasuwa, ya tattara ya bar gari. Na rasa yadda zan tare su."

"Wane ne Abbo?"

"Ki zo dai."

*

Tun daga bakin gari warin ya tare ni. An tara shinkafar a tsibi-tsibi, ta yi zafi ta fara ruɓewa, mata suna juya ta da sanda ko za a sami na tuwo. Ba wanda ya amsa sallamata da cikakkiyar murya.

Wakili ya zaunar da ni a zaurensa ya zayyana mini. Abbo Bafulatani ne mai shanu, amma a nan aka haife shi, kabarin mahaifinsa ma a maƙabartar garin yake. Abin da ya ja masa shi ne, duk cikin 'yan ƙungiya shi kaɗai ne saƙon bai shiga wayarsa ba, samari sun karɓa sun duba. Gonarsa ce kaɗai take tsaye a fadama, kore shar. Da aka gama yanka kuma shanunsa suka shiga kiwon abin da ya rage, kamar yadda aka saba kowace shekara bayan girbi.

"Shi ke nan?" na ce. "Don saniya ta ci ciyawa?"

Wakili ya sunkuyar da kai. "'Yarsa Bushra ce take riƙe da na'urar da ake tura saƙon."

Wannan kam ba ƙaramar magana ba ce.

Na sami Abbo a rugarsa yana kwance igiyar maruƙa. An riga an sauke rufin ɗaki ɗaya, matarsa Dada tana ɗaure ƙore a cikin zane, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Baba, ina kake ranar da saƙon ya zo?"

"Ina kara, kasuwar shanu ta Nguru, na kai bijimai. Na dawo na tarar an aske fadama."

"Ba wanda ya kira ka ya ce ruwa na zuwa?"

"Kowa ta kansa yake yi, 'yata. Ni ma da ina nan da na yanka."

"To me ya sa ka saki shanu a gonakin, kana ganin mutane na kuka?"

Ya ajiye igiyar da ke hannunsa. "Wannan kam wauta na yi. Na ga gona an yanke, na yi abin da muka saba tun ina yaro. Ban tsaya na dubi fuskar kowa ba."

Na so in ji ya yi rantsuwa ko ya yi faɗa, da na fi samun abin kamawa. Bai yi ko ɗaya ba, sai ma ya sa aka kawo mini nono.

*

Ofishin ƙungiyar a Gashuwa yake, ɗaki ɗaya a bayan wani shagon taki. Na tarar da Bushra zaune gaban tebur ba komai a kansa, don an ƙwace kwamfutarta an kai gidan Wakili. Idonta ya kumbura.

"Ya Falmata, wallahi ban tura ba. Ko na haukace, zan tura ƙarya in cire Baffa, uban da ya haife ni? Ai kamar na rubuta sunana ne a jiki. Ni dai na ce ko sabis ne babu a kara, saƙon ya ɓata a hanya."

"Ku nawa ne kuke taɓa na'urar?"

"Mu uku. Ni, da Ikrima na Nguru wanda ya fara gina ta, da Mahmud. Shi ɗan Dagona ne, shi yake duba labarin ruwan sama da tashin kogi."

"Kowa da makullinsa?"

Makulli a wajenmu wani dogon rubutun sirri ne, wanda duk ya riƙe shi rumbun zai buɗe masa. Ta yi ƙasa da ido.

"Ɗaya ne. Mun ga ya fi sauƙi."

Raina ya ɓaci har sai da na miƙe tsaye. Yara masu ƙwaƙwalwa, sun gina abin da gari guda ya dogara da shi, sannan su uku suna shiga da makulli ɗaya kamar ɗakin 'yan haya! Na faɗa mata haka, ban rage komai ba. Ta ƙara fashewa da kuka, ni kuma na buɗe tawa kwamfutar na shiga rumbun.

Sawun a fili yake. Saƙon gaske ba ya fita sai Wakili ya danna amincewa a wayarsa, wannan kuwa bai bi ta nan ba. Daga waje aka shigo da makullin, aka tura da ɗan guntun kod na hannu, wato rubutaccen umarnin kwamfuta, irin wanda masu wannan aiki suke ajiyewa don rage wahala. Na bi waɗanda aka tura wa ɗaya bayan ɗaya. Ba sabis ne ya cinye na Abbo ba. Ba a tura masa ba sam.

Wannan kuwa zargin Bushra ya ƙara wa ƙarfi. Na dubi yarinyar tana share hanci da gefen mayafi, na rufe kwamfutar na fita.

*

Mahmud ya tarbe ni a ƙofar gidansu a Dagona da soyayyen kifi a takarda. Siriri ne mai sanyin murya, irin yaron da tsofaffi suke nuna wa 'ya'yansu. Mahaifiyarsa Yakaka tana tsakar gida tana shanya tata shinkafar da ta lalace, don ita ma ta yanka.

"Kin ga har mu abin ya ci," in ji shi.

"Na gani. Kai da kake duba ruwa, me ka gani a makon?"

"An yi ruwa sosai a yamma. Na gaya wa Baba Wakili, ya ce a jira ma'aunin bakin kogi ya nuna tukuna. Muka jira."

"A nan kake aiki? Ai wayata ma ta kasa kama sabis."

Ya yi murmushi ya ciro wata 'yar fulash ta ajiyar bayanai da ya ɗaura a igiyar wuya kamar laya. "Sabis ɗin Dagona sai ya ga dama. Muna da guruf a waya, mu masu kod na Gashuwa da Nguru, kowa yana tura guntun da ya yi masa amfani. Akwai na rage nauyin hoto, da na kwafe ajiya kullum, da na tura saƙo ga mutane da yawa. Duk wanda aka tura sai in adana a nan, in ba haka ba ranar da nake buƙata ba zan samu ba."

Wannan dabara ta burge ni, har na ce zan koya wa yaran da suke koyon aiki a wajena. Na tambaye shi wa yake zargi. Ya yi ta kewaye-kewaye, shi ba ya son ɗaukar alhakin kowa, sannan a ƙarshe ya ce Ikrima dai ba ya ga-maciji da Bushra tun da ƙungiya ta karɓe aikin daga hannunsa ta ba ta.

Ban ko gama kifin ba na nemi ɗan acaɓa. Ranar kasuwa tana matsowa, ni kuma ba abin da na riƙe sai abin da zai ƙara nutsar da Abbo.

*

Shagon Ikrima yana kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa a Nguru. Yana gyaran waya da hannu ɗaya, yana rubuta kod da ɗayan, bakinsa kuma bai huta ba.

"Na san za ki zo! Duk abin da ya lalace a Yobe ta arewa, Ikrima ne. To ni ne na tura, ni ne kuma na hana ruwan zuwa. Rubuta!"

"Makullin yana hannunka har yanzu?"

"Yana nan. Wa ya ce su bar shi ba su canza ba?"

"Kana jin haushin Bushra?"

"Ƙwarai kuwa, ba zan yi miki ƙarya ba. Aikin da na yi ta fama da shi aka ɗauka aka ba ta. Wannan ma na haƙura. Amma abin da ta yi mini a taron Gashuwa, har gobe ban manta ba."

Na riga na gaji da shi, amma na ce ya faɗa.

"Wani guntu na tura guruf, na aika saƙo ga jama'a da yawa lokaci guda. Cikin sauri na rubuta. Da muka haɗu a taro sai ta miƙe gaban kowa, har da 'yan jami'a, ta rubuta shi a allo ta zagaye wuri ɗaya da jan alli. Wai na fara ƙirga daga ɗaya. Aka yi ta dariya kamar na saci akuya."

Duk mai wannan aiki ya san abin. Kwamfuta ba daga ɗaya take fara ƙirga ba, daga sifili take farawa. In ka ce mata ta fara daga ɗaya, sai ta bar mutumin farko a tsaye ta kama na biyu, kuma ba za ta yi maka ƙorafi ba. Ba wanda bai taɓa faɗawa wannan rami ba, ni ma ina dariya a raina, sai dariyar ta yanke. Sunayen 'yan ƙungiya bisa haruffa aka jera su a rumbun. Na ga wanda yake kan gaba da idona a Gashuwa, ban kawo komai a raina ba.

"Ikrima, ka tura gyaran a guruf?"

"In ƙara tona wa kaina asiri? Goge na farkon na yi, a guruf da kwamfutata duka. Wanda ya zo taro ya ga gyara a allo."

"Wa bai zo ba?"

Ya ɗaga ido sama yana tunani. Kafin ya buɗe baki na riga na sa takalmi, na ce gobe bayan la'asar ya same ni a zauren Wakili da kwamfutarsa, in kuma bai zo ba zan aiko a ɗauko shi.

*

Zauren ya cika har waje. Dattawa a kan tabarma, samari a tsaye jikin bango suna huci. Abbo ya zauna can gefe kusa da ƙofa, ba wanda ya matsa kusa da shi. A kan hanya na ga a-kori-kura tsaye a rugarsa, an gama ɗora kaya.

Na sa aka dawo wa Bushra da kwamfutarta. Na karɓi lambobin dattawan da ke gaba, na sa ta Wakili a farko, na ba Ikrima da Bushra da Mahmud.

"Kowannenku ya tura wa waɗannan mutane kalma ɗaya, gwaji. Kada ku bi ta hanyar amincewar Wakili. Ku yi da abin da kuke da shi a hannu."

"Mu ba wasan yara muka zo kallo ba!" wani saurayi ya ce daga baya.

"To fita," na ce. Bai fita ba.

Ikrima ya fara, yana ƙunƙuni, ya rubuta nasa sabo da hannu. Muka jira sabis ya ga dama. Can sai wayoyi suka ɗauki ƙara, kowa ya laluba aljihu, Wakili ya ɗaga tasa ya nuna. Bushra ta yi nata, wayoyi suka sake amsawa, har da ta Wakili.

Mahmud ya cire fulash daga wuyansa ya soka. Bai yi gaggawa ba, bai kuma nuna tsoro ba, don har ga Allah bai san abin da ke ciki ba. Ya danna. Wayoyi suka yi kuka a zauren, wannan ta yi, waccan ta yi. Wakili yana riƙe da tasa a tafin hannu yana jira. Ya girgiza ta, ya ɗaga ta sama wajen taga.

"Tawa ba ta shigo ba," in ji shi.

"Ba za ta shigo ba, Baba. Kai ne na farko."

Na yi musu bayani da Hausar da kowa zai gane. Guntun da ke cikin fulash ɗin nan yana da aibi, kullum yana tsallake mutumin farko. An gyara shi a taron Gashuwa, wanda ya je ya gani, wanda bai je ba yana nan da tsohon, Mahmud kuwa bai je ba. A sunayen ƙungiya kuwa Abbo ne na farko. Ba wanda ya cire shi don ya tsira da gonarsa. Da sunan wani ne a gaba, da yau shi ake kora.

Bushra ta dafe baki da hannu biyu tana kallon Mahmud.

"Mahmud," Wakili ya ce a hankali, "ɗana, ka ce ƙarya ne."

Mahmud ya zauna a ƙasa daɓas.

"Na ga ruwan, Baba. Wallahi na gan shi, an yi kwanaki ana zuba shi a yamma. Na zo na roƙe ka ka ce a jira. Wancan karon da ambaliya ta ci gari ma jira aka yi, muka fita da Yakaka a kan ƙofar ɗaki, ruwa har wuya. Na ce gara a zage ni da a yi jana'iza. Ban san ciyawar kacala ta toshe hanyar ruwan ta juya shi wani wajen ba."

Na yarda da shi, kuma tausayinsa ya kama ni, ban so ba. Amma akwai abin da ya tsaya mini.

"Wannan na ji. Da aka ce Abbo ne fa? Da aka ƙwace kwamfutar Bushra? Ka ba ni kifi ka nuna mini hanyar Nguru!"

"Na ji tsoro," ya ce. Daga nan sai kuka.

Samarin da suka zo da huci suka rasa inda za su sa ido. Ɗansu ne, tare suka yi wasan ƙasa. Ba wanda ya ce a kore shi, ba wanda ya ba shi wa'adin ranar kasuwa. Dattawa suka fara cewa kuskure ne, yaro ne, niyyarsa mai kyau ce, a bar wa hukuma da dagaci su duba. Ina kallon Abbo, shi ma yana jin su.

Wakili ya juya wajensa. "Abbo, Allah ya wanke ka. Ka yafe mana. A je a sauke kayan nan."

Abbo ya miƙe ya karkaɗe rigarsa. Ya fara zuwa wajen Mahmud, ya dafa kansa.

"Kai ka ji tsoron ruwa, na gane wannan. Allah ya kiyaye gaba." Sannan ya dubi sauran. "Yanzu na ji kuna cewa a bi a hankali, a duba. Daidai ne, haka ya kamata. Ranar da aka zo ƙofata, wa ya ce a duba?"

Wani tsoho da suka yi makarantar allo tare da Abbo ya kawar da kai.

Abbo ya ci gaba. "Wakili ya kira mai bincike, na gode masa. Gonar tana nan, in ta nuna ku yanka ku raba wa waɗanda suka fi shan wahala. Bushra babba ce, aikinta yana Gashuwa, ita ta san abin da za ta yi."

"Baffa, don Allah," in ji Bushra.

"Haba Abbo, kabarin mahaifinka fa?" Wakili ya ce.

"Shi ba wanda ya ba shi wa'adi."

Aka bi shi har ruga ana ba shi haƙuri, dattawa a gaba, samari a baya. Na bi su ina jin haushin kowa, har da kaina, don na ɗauka in na gano mai laifi aikina ya ƙare. Dada tana gaban mota da ƙorenta a cinya, shanu kuwa tun safe wani ƙanen Abbo ya kora su gaba. Abbo ya tsaya ya ba kowa hannu, ya tambayi lafiyar iyalinsu, ya yi musu fatan damina mai albarka. Sannan ya taka taya ya hau bayan motar, ya zauna a kan buhun gero, ya buga jikin ƙarfen da tafin hannu direba ya ja.